Ƙafafun Yaya Rahamatu

Ranar da Yaya Rahamatu ta ce in zo in sauke kayan jerenta, a ranar na san ta fid da rai. Matar da ko ludayinta ba ta bari ya kwana a gidan maƙwabta, wai ita ce yau take cewa in kwashe kumbo da tasoshi in raba wa 'ya'yanta mata, in riƙe wanda raina ya so. Na ce ban ga dama ba.

"Mardiya, bar gardama," in ji ta daga inda take kwance. "Kin san abin da ya ci Inna."

Na sani mana. Ciwon daji ne ya kama mahaifiyarmu a Gwarzo, ya fara a nono ya bi ƙashi, ta ƙare ana juya ta a zani. Ga Yaya kuma yanzu, ƙugu ciwo, cinyoyi ciwo, haƙarƙari ko taɓawa ba a yi. Ba wanda ya furta sunan abin a gidan, amma kowa da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Yaya ce ta taho da ni Ibadan ina 'yar mitsitsiya, lokacin da aka kawo ta gidan Alhaji Sammani a Sabo, unguwar Hausawa. A hannunta na tashi, ita ta aurar da ni, da auren ya mutu kuma ita ta miƙo mini tanda ta ce in nemi na kaina. Shi ya sa nake toya waina a bakin titin da ya fita Mokola, shi ya sa kuma bakina ya iya Yarabanci ya iya faɗa. Ita kuwa matar kulle ce ta gaske. In ta fita, to rasuwa aka yi ko haihuwa, shi ma sai bayan magariba, a lulluɓe, daga zaure a faɗa tasi.

Mijinta fatoman goro ne. Fatake su taso daga Kano ko Sakkwato su sauka a gidansa, ya sayo musu goro a wurin Yarbawa, ya adana musu, ya ɗaure musu huhu, a loda a mota. Duk wanda ya san goro ya san ba ya shiri da rana. Ɗan zafi kaɗan ya taɓa shi sai ya yamutse ya bushe, ranar kasuwa ka ji kunya. Inuwa yake so, da danshi, da ganye sabo a lulluɓe.

To wajen shekarar tamanin da huɗu maƙwabcin Alhaji ya samu duniya, ya ɗora bene, tagoginsa na baya suka leƙo tsakar gidanmu tsaf. Baƙi ne kuma ke kwana a sama, ƙarti direbobin shanu. Alhaji bai yi faɗa da kowa ba, kafinta ya kira, aka rufe tsakar gidan da kwano daga bango zuwa bango. Ya samu wurin aje goro, ya kuma tsare matarsa daga ido. Har alfahari yake yi a majalisa, wai tasa matar ba ruwan sama, ba rana, ba kallon ƙato. Mu ma a lokacin yaba masa muka yi, don ko shanya ba ta ƙara jiƙewa ba, sai dai ba ta bushewa da wuri.

A ƙarƙashin wannan rufi Yaya take sana'arta. Ita ke tsince goron fatake, ta ware mai tsutsa, ta canza ganye, ta yayyafa ruwa, abin da aka ware kuma ta saye shi ta sayar wa masu tire. Ido gare ta kamar me. Tana juya goro a hannu ta san ko zai kai Kano lafiya. Da rana tsaka da ƙwan lantarki take aiki, in an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Bayan jini ya ɗauke mata ta fara ƙorafin ƙugu, muka ce girma ne. Sai tafiyarta ta koma ta agwagwa, ina tsokanarta tana jifana da goro. Daga nan sai dafa bango, daga dafa bango sai rarrafe. Tsokanar ta fita daga bakina.

Kowa ya zo dubiya sai ya ce sanyi ne ya shiga ƙashi. Wanzami ya yi ƙaho har bayanta ya zama kamar rariya. An sha jiƙo, an sha rubutu, an shafa man zafi har idon mai shafawa ya yi ja. Da yake sanyi aka ce, sai muka ɗauke ta daga tsakar gida muka kai ta ƙuryar ɗaki, aka toshe 'yar tagar da tsumma kada iska ta taɓa ta, aka lafta mata bargo. Kullum sai abin ya ƙara gaba. Ƙarshe Alhaji ya ce bayan Sallah, in motar goro za ta tashi arewa, za a gyara mata gidan gaba ta je Gwarzo ta ga dangi. Duk wanda ya zauna a Sabo ya san me ake nufi in an ce za a kai marar lafiya gida ya ga dangi.

Ana cikin haka, a shekarar casa'in da ɗaya, wata likita Bayarabiya ta fara yawo a unguwa. Dakta Ajoke sunanta, gajera, da tabarau mai kauri, da jaka kamar ta mai tallan atamfa. Daga babban asibitin koyarwa ta fito, manyan unguwa sun ba ta izini, kuma da yake mace ce ba wanda zai tare ta a zaure da "ba shiga". Amma magana ta riga ta zaga gidaje cewa jinin mata take ɗiba tana sayarwa a ƙasar waje. Duk inda ta yi sallama sai a ce matar gidan tana barci.

Wata rana da hantsi ta zube a bencina, ta gaji tiɓis, ta ce in ba ta waina. Ban taɓa ganin wanda ya ci waina da cokali mai yatsu ba sai ita, daga jaka ta zaro abinta. Na kasa haƙuri, na tambaye ta da Yarabanci, wai da gaske jini take saye? Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce ita bincike take yi a kan ƙashin mata, me ke sa ya lalace, me ke sa ya yi taushi, me ke sa wata ta karye daga zamewa kawai. Ta ce jinin da take ɗiba bai cika cokalin shayi biyu ba, wanda zai saye shi sai dai sauro.

Ina jin ta ce ƙashi, na sauke tandar daga wuta. Na ce, "Dakta, oya, tashi. Ina da ƙashin da zan nuna miki."

Alhaji yana zaure tsakanin huhunan goro, yana duba ɗauri. Ni da shi wasa ne tsakaninmu, ƙanwar mata ce, tun ina yarinya nake ce masa tsoho mai ran ƙarfe yana ce mini uwar faɗa. Amma ranar ba wasa a fuskarsa.

"Jinin matata za a ɗiba? A kai shi ina?"

"A kai shi inda aka kai wanda wanzami ya tsotse," na ce. "Shi da ya cika kasko ba ka tambaye shi ba, sai wannan mai cokali?"

"Ke dai ba ki da ta ido, Mardiya."

"Ba ni da ita. Mace ce 'yar'uwarmu, abi, ko ba haka ba? Me za ta gani wanda ba ta da shi?"

Ya murza igiyar huhu. Can ya rage murya, yadda likitar ba za ta ji ba, ko da yake ba Hausar take ji ba. Ya ce, "In suka faɗi sunan abin fa? Yanzu ko ba komai muna cewa sanyi ne."

Sai a lokacin na gane tsoro ne ya hana shi kai ta asibiti duk tsawon wannan lokaci, ba rowa ba, ba taurin kai ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Na ce ko an faɗa ko ba a faɗa ba, ai ka riga ka nema mata gidan gaba a mota. Ya kau da kai, ya ce mu shiga.

Likitar tana sa ƙafa a tsakar gida ta yi tuntuɓe da kwandon goro. Ta tsaya tana ƙifta ido, ta ɗaga kai ta kalli rufin, ta daɗe tana kallonsa. A ƙurya kuwa sai da na kunna fitila kafin ta ga marar lafiyar.

"E pele, Alhaja," ta ce, ta durƙusa irin tasu.

Yaya ta ce, "Ce mata sannu ita ma. Ce mata kuma ban je Makka ba tukuna."

Likitar ta danna ƙwaurin Yaya da babban yatsa, Yaya ta yi salati da ƙarfi. Ta danna haƙarƙari, haka. Ta duba nono biyu a hankali. Ta ce Yaya ta gwada tashi ba tare da ta dafa komai ba, Yaya ta yunƙura ta koma. Ta yi tambayoyi birjik, ina fassarawa: haihuwa nawa, kowane yaro ya sha nono har yaushe, yaushe jini ya ɗauke, me take ci. Sannan ta ce in tambaye ta yaushe rabon da rana ta taɓa jikinta.

Yaya ta ɗauka ban ji daidai ba. "Rana? Wace rana?"

"Ta sama, Yaya."

Ta yi tunani. Ta ce tun kafin a yi rufi, lokacin da take shanya da kanta. Ta ce in gaya wa likita kada ta damu, ita ba ta yawo, ba ranar da ta buge ta.

Dakta Ajoke ta ɗibi jini, ta ba da kwalba a tara fitsari, ta ce dole a kawo ta asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Na bi ta har titi ina roƙonta ta gaya mini ko shi ne. Ta ce tana da zato, amma ba ta sayar da zato, in jira. Na ji haushinta ranar, har na ce a raina ƙila masu cewa tana barci sun fi ni wayo.

Kai Yaya asibiti ma wani yaƙi ne. A tabarma muka ciccibe ta, ni da 'ya'yanta, aka jawo tasi har bakin zaure, kowane rami a hanya sai ta cije leɓe. Aka yi hoton muka dawo. Jiran da ya biyo baya ba na so in tuna shi. Waina ta riƙa ƙonewa ina tsaye a kanta. Azumi ya kama, Alhaji ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Yaya kuwa ta daina tambaya, sai wasiyya take ta yi, wa za a ba keken ɗinki, wa ya kamata a nemi gafararsa.

Ana saura kwanaki Sallah likitar ta dawo da babban ambulan. Ta ce a kira maigida. Muka fito da Yaya tsakar gida muka jingina ta da buhu, Alhaji ya tsuguna nesa kaɗan, carbi a hannu. Likitar ta zaro hoton ta ɗaga sama, ba hasken da za a gani da shi, sai da ta je bakin ƙofar zaure ta kara shi da waje. Ni ban ga komai ba sai fari da baƙi. Ta dawo ta dube ni, ta ce da Yarabanci, "Ki i se jejere." Wato ba daji ba ne.

Ni kaɗai na ji abin da ta ce. Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Inna ta rasu. Yaya da ta ga haka sai ta rufe ido, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba komai, Mardiya, daman na sani." Carbin Alhaji ya faɗi.

"Ba shi ba ne!" na ce, majina da hawaye. "Yaya, ba shi ba ne! Wallahi ba shi ba ne!"

"To kukan uban me kike yi?" in ji Alhaji. Tunda nake ban taɓa jin ya yi ashar ba sai ranar, kuma da azumi a bakinsa.

Likitar ta juya wurinsa da ɗan Turancin kasuwa, "Alhaji, no be dat sickness o. Dis one get medicine." Wannan kam bai nemi tafinta ba. Ya ɗaga hannu sama, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita. Yaya ta buɗe ido tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda aka tasa daga barci. Ni dai a ranar na san ashe farin ciki ma yana sa ciwon ciki.

Da muka natsu ta yi mana bayani, ina juyawa gwargwadon iyawata. Ta ce ƙashi ba dutse ba ne. Muddin mutum yana da rai, jikinsa yana kankare tsohon ƙashi yana maye shi da sabo, kamar yadda ake yi wa katanga yaɓe duk shekara. Kayan yaɓen daga abinci suke, amma hanji ba ya iya tsotse su sosai sai da wani bitamin da ake kira D, shi kuma fatar mutum ce ke yin sa in rana ta taɓa ta. In babu shi, sabon ƙashin da ake ginawa ba ya ƙarfi. Jini ma sai ya rasa rabonsa, sai wasu 'yan ƙullutai a wuya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, su saki wani sinadari da ta kira homon, ya bi jini da saƙo cewa a je a kankaro daga ƙashi. Ana ta kankara, ba a mayarwa da mai ƙwari. Ga shi kuma mace in jini ya ɗauke mata, wani homon ɗin nata na mata da ke taka wa kankarar birki sai ya ja baya. Duk sun haɗu a kan Yaya. Ta nuna wasu siraran layuka a hoton ƙugu, ta ce nan ƙashin ne ya tsage don taushi.

Ta ce abin da bincikenta ke nema shi ne wanne ya fi ɓarna a jikin mata irin su Yaya, rashin bitamin ɗin ko janyewar homon, kuma in an gyara ɗaya yaya ɗayan zai yi. Ta ce ba su gama sani ba tukuna. Tana faɗa idonta yana ƙyalli, wai tunda ta fara ba ta ga jinin da ya nuna abin ƙarara kamar na Alhaja ba. Na ce mata da Yarabanci ta rage murna, 'yar'uwata ce, ba ragon layya ba. Ta ba ni haƙuri tana dariya.

Magani kuwa, ƙwayoyi ne da man hantar kifi, da nono, da ƙananan kifi a ci har ƙaya. Sai rana. Kowace safiya a fito da ita, hannu da ƙafa a buɗe, rana ta taɓa fata. Ta ja mana kunne cewa abin zai ɗau lokaci, ƙila kuma ƙashin ba zai koma kamar na budurwa ba, a kiyaye ta da faɗuwa.

Da na zo kan maganar rana, sai na ga Alhaji ya ɗaga kai yana kallon kwanonsa. Ya daɗe a haka.

"Mardiya, tambaye ta. Wannan ne?"

Na tambaya. Likitar ta ce ba shi kaɗai ba, amma shi ne babba. Da kuma ƙuryar da muka kai ta.

Mu da muka toshe taga da tsumma da hannunmu, wa zai kalli wani? Sai Yaya ta ce, "Alhaji, ai don kada a kalle ni ka yi. Ni ma na ji daɗinsa." Shi dai ya tashi ya fita.

Ni na san lissafin da yake yi a zaure. Goron da ke ƙarƙashin rufin nan amanar fatake ne, in rana ta taɓa shi sunansa ya ɓaci daga nan har Sakkwato. Tagogin bene kuma suna nan inda suke, da ƙartinsu. Fitar da matarsa titi ta sha rana kuwa, wannan ko a mafarki. Na shirya masa faɗa mai kyau, na jera maganganun da zan gaya masa in ya ce a bari sai bayan Sallah.

Ban samu damar amfani da su ba. Washegari da sassafe ina hura wuta aka ce mini ana ta buge-buge a gidan Yaya. Na tarar da kafinta a sama yana zare ƙusa, Alhaji a ƙasa da 'yar shara yana ba da umarni. Goron duka an kwashe shi an kai ƙuryar da Yaya take kwana, an bar tsumman tagar yadda yake, don wannan ɗakin daman goro ya dace da shi. Ita kuma an dawo da gadonta ɗakin da ke kallon gabas. Fallayen kwanon da aka cire daga ɓangaren gabas, sai ya sa aka tsayar da su a kan katanga ta wajen bene, aka tokare da katako, suka tare tagogin nan kaf. Abin ba kyan gani. 'Yan majalisa suka riƙa tambayarsa ko silima zai buɗe, ya ce e, amma ba a sayar da tikiti.

Da hasken ya faɗo tsakar gidan, sai ga yanar gizo da dattin shekaru, har kunya ta kama ni. Muka shimfiɗa tabarma muka fito da Yaya. Ta kare ido da hannu, hawaye yana zuba don haske. Na naɗe mata zani zuwa gwiwa, ƙafafun nan sun yi fari fat, sun sirance. Ta ce, "Ashe haka take da ɗumi."

Motar goro ta tashi bayan Sallah, wani ɗan kamasho ne ya zauna a gidan gaba.

Kada wani ya ɗauka washegari ta miƙe. Makonnin farko ba abin da ya canza sai ƙorafi. Man kifin nan in ta sha sai ta yini tana gyatsa tana tsine wa kifin da iyayensa. Masu dubiya suka ce mun haukace, ana maganin sanyi mun baje mace a iska. Ni kaina akwai ranar da na koma gida na ce anya likitar nan ba hankalinmu kawai ta kwantar ba? Amma ciwon haƙarƙarin ya fara lafawa, ta fara juyawa a gado ba tare da an taimaka mata ba. Dakta Ajoke tana zuwa lokaci-lokaci ta ɗibi jininta, ta ce saƙon nan na wuya ya fara sassautawa. Yaya ta saba da ita har tana aje mata farin goro, ita kuma ta karɓa ta sa a jaka, na tabbata ba ta taɓa ci ba. Daga baya Yaya ta fara takawa in an riƙe ta hagu da dama, daga gado zuwa tabarma. Ita kaɗai dai ba ta yarda ta gwada, tsoron faɗuwa ya shige ta.

Wata safiya bayan damina ta ja baya, na kawo mata waina, na same ta a tabarma tana shan ranarta, tiren busasshen kifi a gefe ta baza shi ya sha iska. Na shiga madafi neman kwano. Ashe fatake sun bar ƙofar zaure a buɗe suna loda huhu, wata baƙar akuya ta lallaɓo ta sa baki a tiren, ta ture shi, ta koma kan wainar.

Ni dai ihu na ji. "Kai! 'Yar banza! Mayya!"

Na leƙo da kwano a hannu. Yaya ce a tsaye, ta wawuri muciya, tana bin akuya. Ba gudu ba ne, tafiyar ma a karkace take, amma ƙafa tana bin ƙafa, baki kuma bai huta ba. Akuyar ta zaga randa, Yaya ta zaga randa. Akuyar ta yi zaure, Yaya ta bi ta har bakin ƙofa, ta kai mata duka ta samu ƙyaure. A nan ta ja birki, don ta ji muryar maza.

Alhaji ya leƙo ya ga ko lafiya. Ya ga matarsa tsaye a gabansa, ɗankwali a karkace, muciya a sama, tana haki. Ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Sai a lokacin Yaya ta sunkuya ta kalli ƙafafunta. Ta waiga ta kalli tabarmar, can ƙarshen tsakar gida. Ta sauke muciyar.

"Mardiya, wa ya tashe ni?"

"Ba kowa, Yaya."

"To yanzu yaya zan yi in koma?"

Alhaji ya miƙo hannu zai riƙe ta. Na ce, "Tsoho, janye hannunka." Ya janye.

"Yadda kika zo," na ce mata.

Ta harare ni, ta gyara ɗankwali, ta miƙa wa Alhaji muciyar. Sannan ta juya ta tako.